FILIN MANOMA: Rumbu Tukuna, Sa'an Nan Tankin Mota

Tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwa an janye tallafin man fetur, babu wanda bai ji a jikinsa ba. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura naira 1,000. Mai noman rani ya ji a injin ban-ruwa, falke ya ji a kuɗin mota, akawu ya ji a cefane.

To, duk sa'ad da mai ya yi tsada akan tuno da wata tsohuwar magana, watau a ce ga rogo, ga rake, ga masara, me zai hana a sarrafa su a zuba wa mota? Maganar da daɗin ji, kuma ba tatsuniya ba ce, gama akwai ƙasashen da su ke yin haka. Amma da ya ke gonar manomi a ke nufi, ya kamata manomi ya san kan zancen tun ba a zo masa da iri da takardar sa hannu ba.

MENE NE MAN TSIRO?

Iri biyu ne. Na farko shi a ke kira itanol. Daga abu mai zaƙi ko mai gari a ke samunsa, kamar rake, da takanɗa, da rogo, da masara. Akan jiƙa, a bari ya tsimu, sa'an nan a dafa a tare tururin, in ya huce sai ya zama wani farin ruwa mai kama wuta. Asalinsa ɗaya da barasa, sabo da haka akan gauraya shi da fetur tun a masana'anta don kada ya shawu. Ƙarfinsa bai kai na fetur ba, wajen kashi biyu ne cikin uku. Kuma yana jan ruwa, sabo da haka ajiyarsa sai da tanki mai kyau. In an zuba kashi 10 cikin 100 a fetur, yawancin motoci sukan sha ba tare da an taɓa injinsu ba.

Na biyu shi ne wanda a ke garwayawa da man dizal. Daga mai a ke yinsa, kamar manja, da man waken soya, da man 'ya'yan bini da zugu.

Amfaninsu a fili ya ke. Rijiyar mai tana ƙafewa, amma gona kowace shekara sai ta sake bayarwa. Kuɗin da za a kai waje kuma ya tsaya a gida. Abin tambaya ɗaya ne: gonar wa, kuma me a ke shukawa a cikinta a da?

TSARIN 2007

Nijeriya ba yau ta fara wannan tunani ba. Cikin 2005 Gwamnatin Tarayya ta umurci kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya shirya yadda za a yi, cikin 2007 kuma aka fito da tsarin a rubuce. Aka ce za a riƙa zuba itanol kashi 10 cikin 100 a fetur, man tsiro kuma kashi 20 cikin 100 a dizal. Aka ƙiyasta wannan zai ci itanol lita miliyan 1,300 a shekara. Aka yi wa masu kafa masana'antu alkawarin hutun haraji na shekara 10. Aka ce da fari za a sayo itanol daga waje don mutane su saba, kafin na gida ya kankama. Aka ce kuma ƙananan manoma za su riƙa noma wa masana'antun. Cikin 2017 kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da wasu Jihohi, har da Kabi da Ondo.

A takarda babu abin kushewa. Amma shekaru sun shuɗe, wannan gaurayayyen mai bai zama abin da direba ke tararwa a gidan mai ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Muddin Gwamnati na biyan tallafi don fetur ya yi araha, ba mai hankalin da zai zuba dukiyarsa ya yi man da zai fi fetur tsada. Hannu ɗaya yana kira, ɗaya yana kora. Ga kuma rashin wutar lantarki, da rashin hanya, da bashin banki mai ruwa da yawa.

Yanzu tallafi ya kau, sabo da haka wannan shinge ya faɗi, kuma ba mamaki maganar ta sake tasowa da ƙarfi. Sai dai wani abu ma ya sake. Cikin watan Satumba, 2024, matatar Ɗangote ta Ikko ta fara fid da fetur. Watau hujjar nan ta cewa duk fetur daga waje a ke sayowa ta rage ƙarfi, alhali hujjar yunwa tana nan, gama cikin 2024 ɗin nan ne hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, har Gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na ɗan lokaci.

INDA ABIN YA YIWU

Kowa ya tashi yabon man tsiro sai ya kawo misalin Birazil, kuma ya yi gaskiya. Bayan tsadar mai ta 1973, Gwamnatinsu ta kafa shirin itanol cikin 1975. Amma a duba abin da su ke da shi tun kafin shirin. Sun yi shekaru ɗaruruwa suna noman rake, ga ruwan sama isasshe, ga ƙasa mai faɗi, ga masana'antun sukari a tsaye suna aiki. Gwamnati ba ta ce da manomi ya shuka sabon abu ya jira mai saye ba. Injin matsa yana nan, tukunyar dafawa kawai aka ƙara masa. Sa'an nan ta ba da rance mai sauƙi, ta tilasta wa masu sayar da mai su gauraya, ta zuba kuɗi wajen binciken irin rake. Ragowar karan da aka matse ma shi a ke ƙonawa ya juya injin, har a sami rarar lantarki a sayar.

Duk da haka sun sha wuya. Wajen 1989 zuwa 1990 sukari ya yi tsada a kasuwar duniya, masu masana'antu suka koma yin sukari, itanol ya yi wuya, masu motocin da ba su shan komai sai shi suka yi ta layi. Abin bai daidaita ba sai cikin 2003, da aka fito da motar da ke shan ko wanne, fetur ko itanol, mai mota ya zaɓi wanda ya fi araha. Yau fetur ɗinsu fiye da rubu'insa itanol ne. Aikin shekara hamsin ke nan ba fashi, gwamnati ta tafi, wata ta zo, shirin yana nan.

INDA TUKUNYA TA JI JIKI

Amurka kuwa da masara ta yi nata. Dokokin da suka yi cikin 2005 da 2007 sun tilasta a riƙa gauraya itanol, har ya zama fiye da sulusin masarar da su ke nomawa can ta ke tafiya. Gaskiya ne dusar da ta rage tana komawa abincin dabbobi, kuma manomansu sun sami kasuwa. Amma Amurka ce babbar mai sayar wa duniya masara, in farashi ya motsa can, sai ya motsa ko'ina. Cikin watan Janairu, 2007, mutanen Meziko suka fito kan titi sabo da tsadar wainar masarar da ita ce tuwonsu. Cikin 2008 aka yi tarzomar tsadar rayuwa a Kamaru, da Burkina Faso, da Senegal, da Haiti. Ba itanol kaɗai ya jawo ba, akwai tsadar mai, da fari a Ostireliya, da ƙasashen da suka hana fid da shinkafa. Amma da hannunsa a ciki. Ƙasar Sin da ta ga haka sai ta daina ba da izinin kafa sababbin masana'antun da ke yin itanol da hatsi.

Na baya-bayan nan ita ce Indiya. Ta matsa har ta kai kashi 20 cikin 100 cikin 2025, ta rage kuɗin da ta ke kashewa wajen sayen mai. Amma da aka juya ga masara, ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabta sai ga ta tana sayowa cikin 2024, masu kiwon kaji suna kuka da tsadar abincin kaji. Gani ga wane, an ce, ya isa wane tsoron Allah. A ƙasar da talaka ke kashe fiye da rabin abin da ya samu a kan abinci, ƙarin naira ɗari a mudu ba ƙaramin abu ba ne.

A YI LISSAFI

Buhun masara mai kilo 100 yakan ba da itanol wajen lita 40, watau abin da zai cika tankin ƙaramar mota sau ɗaya. Kowane maigida ya san kwana nawa buhu ke yi a gidansa. Ya auna da kansa.

Rogo kuma, tan guda na ɗanye yakan ba da wajen lita 150. In za a sami lita miliyan 1,300 ɗin nan daga rogo kaɗai, sai an matse fiye da tan miliyan 8. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma kusan dukansa ciki ya ke shiga, garin kwaki ne, da alabo, da dafaffe. Watau cikin kowane kwando bakwai za a ɗauke ɗaya. Wanda ya san yadda kwaki ya zama abin rufin asirin gidaje da yawa a Arewa ya san inda abin zai faɗa.

Amma cikin lissafin nan akwai ƙofa. Hekta guda a nan ba ta cika ba da tan 10 na rogo ba, alhali a Tailan tana ba da wajen 20. Cibiyoyin bincike na Ibadan da Umudike sun daɗe da fid da iri mai yawan bayarwa. In irin nan ya kai hannun manomi, da taki a kan kari, da maganin ciyawa, gonar da a ke da ita yanzu ta isa ta cika tukunya har ta bar rara. Rarar nan ita ce rabon mota. Wanda ya fara da tanki kafin ya ƙara yabanya, daga bakin yara zai ɗiba.

A tuna kuma rogo ba ya jira. In an tone shi, kwana biyu ko uku ya fara lalacewa, kuma yawancin nauyinsa ruwa ne, ɗaukarsa zuwa nesa hasara ce. Manoman rogo sun ga haka bayan 2002, da aka yi ta kiran a noma rogo, aka ce masu fulawa za su riƙa zuba garinsa kashi 10 cikin 100 a burodi. Mutane suka amsa kira, rogo ya yi yawa, masu saye ba su kai yadda aka zata ba, farashi ya faɗi. Wanda ya yi alkawarin bai yi hasarar ko kwabo ba. Mai gona ne ya kwana ciki.

BINI DA ZUGU DA MAGANAR ƘASA

Babu manomin da bai san bini da zugu ba. Shinge a ke yi da shi tun kaka da kakanni, don dabba ba ta cinsa. Wajen 2007 zuwa 2008 duniya ta ɗauka an sami itacen arziki. Aka ce yana yi a fako, ba ya son ruwa, ba ya son taki, 'ya'yansa kuwa mai ne. Kamfanoni suka bazu Afirka da Asiya neman ƙasa. Da aka shuka sai gaskiya ta fito: a fako yana rayuwa, amma ba ya 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau da ruwa, watau inda dawa za ta yi. 'Ya'yan kuma ba su nuna tare, sai an yi ta bi ana tsinka da hannu.

A Tanzaniya, a gundumar Kisarawe, wani kamfanin Ingila ya karɓi fiye da hekta 8,000 ta ƙauyuka haya ta shekara 99. Cikin 2011 kamfanin ya karye, aka sallami ma'aikata, ƙasar kuwa ba ta koma hannun masu ita ba a lokacin. Ba aiki, ba gona. Wanda ya shuka dawa bai sami mai saye ba, ya ci abinsa. Wanda ya shuka bini da zugu bai sami mai saye ba, dafi ya tara.

Dattawa sun san irin wannan tun zamanin Turawa. Shirin gyaɗa na Tanganyika, da aka fara cikin 1947, ya cinye fam miliyoyi aka watsar cikin 1951. Na Mokwa a nan gida, da aka kawo tarakta aka tara mutane cikin 1949, bai wuce 1954 ba. Dalar gyaɗa ta Kano kuwa, ba wata babbar gonar kamfani ce ta tara ta ba. Ƙananan manoma ne, kowa a gonar gadonsa, da suka ga ga jirgin ƙasa, ga sikeli, ga mai saye da kuɗi a hannu.

Wajibi ne kuma manomi ya san dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace Jiha a hannun Gwamna. In an karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da a ke biya ta amfanin da ke kai ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Kuɗin diyya kuwa ba ya kai baɗi. Abin da a ke kira daji ba mai shi a ofis, sau da yawa shi ne makiyaya, da burtali, da saurar da aka bari ta huta, da inda mata ke samun itace da kaɗanya.

ABIN DA YA KAMATA GWAMNATI TA YI

Ba a ce a yar da maganar man tsiro ba. Cewa aka yi a bi ta a kan tsari.

Na farko, a rubuta a doka cewa hatsin da mutane ke ci, masara da dawa da gero da shinkafa, ba za a kai su tukunyar itanol ba.

Na biyu, a fara da sukari. Fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da a ke sha a ƙasar nan asalinsa daga waje ya ke zuwa. In aka faɗaɗa noman rake a wurare irin su Numan da Bacita da Sunti, za a sami sukari, baƙin maɗin da ke saura kuwa shi ne a ke yin itanol da shi, ba a taɓa abincin kowa ba. Takanɗa ma abin dubawa ce, gama tana jure ƙarancin ruwa, kanta hatsi, karanta zaƙi. Wannan aikin masana na Samaru ne, a ba su kuɗin yinsa.

Na uku, masana'anta ta riga iri zuwa. Kada a sa malaman gona su shiga ƙauye suna kiran a shuka wani abu sai injin ya tsaya, an gwada shi, an kuma yanka farashi a rubuce tun kafin shuka.

Na huɗu, gona ta zauna hannun mai ita. Kamfani ya ba da iri da taki, manomi ya noma ya sayar masa. In lalle sai an ba da haya, ta zama ta 'yan shekaru, a gaban jama'a, da sharaɗin in aiki ya tsaya ƙasa ta koma ga masu ita.

Na biyar, masu cewa a kwashe karan dawa da harawa a yi mai da su, wai shara ce, su zo ƙauye da rani su gani. Kara shi ne abincin shanu, shi ne danga, shi ne makamashi, wanda ya saura a gona kuma shi ke kare ƙasa daga iska. Gonar da a ke sharewa ƙaf kowace shekara ba ta daɗewa ba ta gaji ba.

Na shida, in taimakon manomi a ke nufi, ga hanya mafi kusa. Abin da ke cin mai noman rani shi ne man injin ban-ruwa, har wasu suka juya injinansu suka koma shan gas na girki. Famfo mai aiki da hasken rana ba ya shan mai, ba ya cin gonar kowa, rana kuwa ba a sayenta a Arewa. Cikasinsa ɗaya, tsadar saye da fari. Rancen da za a biya bayan girbi cikin shekara biyu ko uku, ta hannun ƙungiyoyin manoma, da koya wa samari gyaransa, zai fi amfanar ƙauye bisa ga hutun harajin da za a ba babban kamfani. Sai dai a sa ido a kan rijiyoyi, don ruwan da ba a biya kuɗin jawo shi ba akan yi masa ɓarna.

GA MAI GONA

In an zo wa manomi da sabon iri da alkawari mai zaƙi, ya tambayi abu huɗu. Ina masana'antar ta ke, tana aiki ko tukuna? Nawa za a saya, kuma wa ya sa hannu? Wa zai biya kuɗin ɗauka? In ba a saya ba, abin nan yana ciwuwa, ko yana sayuwa a kasuwar ƙauye? In amsa ba ta fito sosai ba, to, ba a cinikin biri a sama. In kuwa ta fito, ya gwada a gefen gona, bayan ya ware inda zai cika rumbunsa. Bini da zugu ya zauna a shinge inda aka san shi.

Falke kada ya ci bashi ya tara kaya don jin an ce za a kafa masana'anta, sai ya ga hayaƙinta. Akawun da takardar ƙasa ke bi ta teburinsa kuma ya tuna akwai gidaje a bayan kowace lamba, ya karanta wa mutane abin da ke ciki da harshen da su ke ji kafin su dangwala.

Mota in ba ta sami mai ba sai ta tsaya a gefen hanya ta jira. Yaro ba ya jira. Allah ya ba shugabanni ikon bin abu daki-daki, ya ba manoma damina mai albarka, amin.